3.4 Tsare Ƙamshin Tsirrai Domin Adana Wake

Kamar yadda bayani ya gabata, manomi a Karakkai ko Tsafe yakan cuɗa wakensa da toka, ko barkono, ko ganye mai ƙamshi irin su ɗoɗɗoya, kafin ya zuba shi a rumbu. Sai dai ƙarfin ganyen ba ya daɗewa. Man da ke ba shi ƙamshi yakan bi iska, kafin bazara sai a tarar ƙwari sun huda waken, darajarsa ta faɗi a kasuwar Gusau.

A shekarar 1992 masu bincike na kamfanin Mobil a Amurka suka samar da wani garin silika mai suna MCM-41, wanda ke cike da ramuka masu faɗin nanomita kaɗan. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Idan aka jiƙa garin da man kanumfari, sai man ya shige ramukan ya riƙa fita sannu a hankali, tamkar yadda sabuwar randa ke tsattsafo da ruwa.

A ganin mai wannan nazari, babban cikas shi ne tsada, domin yawancin aikin bai fita daga ɗakin gwaji ba tukuna.