Auna Ƙarfin da Ƙwayoyi Masu Ƙyalli Ke Miƙa wa Juna a Hotunan Madubin Likita

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma shi kansa ganin yana da iyaka. Tun a 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa madubin likita mai aiki da haske ba ya rarrabe abubuwa biyu in tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200. Nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Saboda haka furotin biyu kan iya bayyana a ɗigo guda cikin hoto, alhali ba su kusanci juna ba. Wannan maƙala za ta bayyana dabarar da masana ke bi don kauce wa wannan ruɗu.

Tushen Dabarar

Akwai ƙwayoyin sinadari waɗanda in an haska su da wani launi sai su yi ƙyalli da wani launin dabam. A 1948 Theodor Förster, masani Bajamushe, ya bayyana yadda ƙwaya irin wannan, watau mai bayarwa, kan miƙa ƙarfin da ta sha ga wata, watau mai karɓa, ba tare da ta fid da haske ba. Hakan ba ya yiwuwa sai tazararsu ba ta wuce kimanin nanomita 10 ba, kuma launin da ta farko ke fitarwa ya dace da wanda ta biyu ke sha, sannan sun fuskanci juna yadda ya kamata.

Kowane biyun da aka haɗa suna da tazarar da rabin ƙarfin ke wucewa a kanta. In an ninka wannan tazara, kashi 1 cikin 65 kaɗai ke wucewa. In an raba ta biyu, sai 64 cikin 65 su wuce. Lubert Stryer da Richard Haugland sun tabbatar da wannan lissafi ta hanyar gwaji a 1967. Yanzu akan liƙa wa furotin da ake bincike furotin masu ƙyalli, dangin wanda Osamu Shimomura ya gano a jikin wata halittar teku a 1962. Ga mai shuɗi-shuɗi da mai rawaya, tazarar rabin ƙarfi kusan nanomita 5 ce.

Hanyoyin Awo

Hanya ta farko ita ce ɗaukar hoto uku: na mai bayarwa, na mai karɓa, sai na ƙyallin mai karɓa sa'ad da aka haska mai bayarwa. Hoto na ukun bai kuɓuta daga gauraye ba, domin hasken mai bayarwa kan yoyo cikinsa, ita ma mai karɓa takan sha wani abu daga fitilar kai tsaye. Dole a auna kowace ita kaɗai, a ɗebe wannan rarar.

Hanya ta biyu ita ce a dusashe mai karɓa da haske mai tsanani. Da ta daina karɓa, sai ƙyallin mai bayarwa ya ƙaru. Misali, in ya tashi daga 70 zuwa 100, to kashi 30 cikin ɗari ne ke wucewa a da. Illarta ita ce ba a maimaita ta a wuri guda.

Ta uku ita ce auna tsawon lokacin ƙyallin mai bayarwa, wanda kan gajarta in tana miƙa ƙarfi. Yawan ƙwayoyin bai cika shafar wannan awo ba, sai dai na'urarsa tana da tsada.

Kammalawa

Da wannan dabara ce Atsushi Miyawaki da Roger Tsien da abokan aikinsu suka ƙera ma'aunin kalsiyam cikin ƙwayar halitta mai rai a 1997. Duk da haka, wajibi ne mai bincike ya yi hattara. Wucewar ƙarfi shaidar kusanci ce kawai, ba lalle ta ɗamfaruwa ba. Rashin wucewarsa kuma bai isa hujjar nisa ba, domin mai yiwuwa ƙwayoyin ne ba su fuskanci juna ba.