Sarƙar da ke cikin robar tekawe

Yau zan yi magana kan farar robar tekawe da ake zuba mana shinkafa a bukukuwa, daga nan Roni har Kazaure, washegari mu gan ta fal a kwata.

Sunanta folistirin. Ana yin ta daga sitirin, wani ruwa da ake samu daga man fetur. A 1839 wani mai harhaɗa magani a Jamus, Eduard Simon, ya ajiye ruwan, bayan kwanaki ya tarar ya daskare. Sai bayan 1920 Hermann Staudinger ya bayyana dalili: ƙwayoyin sitirin ne ke kama juna, dubbai, su zama doguwar sarƙa.

To, yaya ake yi a masana'anta? Mataki uku ne. Ana zuba wani sinadari, mu kira shi makunni, zafi ya fasa shi, ɓarinsa ya cafki ƙwaya ɗaya. Ita ma ta cafki ta gaba, sarƙa ta yi ta tsawo. In bakin sarƙa biyu suka haɗu, girma ya tsaya.

Ku ji lissafin: in ka ninka makunni sau huɗu, saurin aikin sau biyu kawai zai ƙaru, sarƙoƙin kuma su gajarce.

Haɗuwar nan tana fitar da zafi, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Shi ya sa ake sirka sitirin da ruwan narkarwa irin su toluwin, don kada ya yi kauri zafin ya rasa hanyar fita. In abin ya kuɓuce, bala'i ne. A watan Mayun 2020, tankin sitirin ya yi zafi a Visakhapatnam ta Indiya, tururinsa ya kashe mutane fiye da 10.

Ina ruwanmu? Sarƙar nan ba ta ruɓewa kamar ganye. Ko ka jefa robar a fetur ta narke, sarƙoƙin rabuwa suka yi da juna, ba tsinkewa ba. In ka ƙona ta, baƙin hayaƙi mai guba za ka shaƙa. Legas ta haramta ta a Janairun 2024.

Don Allah matasa, kada mu ƙona ta a bola. Iyayenmu mata masu biki, a dawo da kwano da faranti. Sai mun haɗu a shiri na gaba.