Kuɗin Goron Da Muke Yi Wa "Waƙar Duniya"

A wani biki da na halarta a wani ƙauye kusa da Kafanchan, bayan an ɗaura aure a majami'a an dawo gida ana cin abinci, sai mai kula da kiɗa ya saki "Jawabin Aure" ta Ɗan Maraya Jos. Kuntigi bai yi nisa ba wani dattijon ikkilisiya, wanda nake ganin girmansa tun ina makarantar Lahadi, ya miƙe ya ce a kashe. "Nan gidan masu bi ne," in ji shi, "ba a sa mana waƙar duniya." Aka kashe, kowa ya yi shiru. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waƙar da aka katse nasiha ce ga ma'aurata, kusan irin wadda fasto ya gama yi musu da safe.

Dattijon nan ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A ikkilisiyoyinmu da yawa an raba waƙa gida biyu, ta Allah da ta duniya, kuma duk wadda ba ta ambaci sunan Yesu ba an tura ta gida na biyu. Matashin da aka ji irin wannan waƙa tana tashi a wayarsa, sai a fara raɗe-raɗin ya ja da baya. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Iyayenmu sun ga yadda kiɗa ya kai mutane gidan giya da dandalin bori, sun kuma karanta gargaɗin Yohanna a wasiƙarsa ta fari (2:15) game da ƙaunar duniya. Ina girmama wannan kishi. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma a ganina ma'aunin da aka ɗauka ba shi ne na Littafi Mai Tsarki ba.

Mu fara da ayar da ake kafa hujja da ita. Yohanna bai bar mu cikin duhu ba, domin a aya ta gaba ya fayyace abin da yake nufi da duniya: sha'awar jiki, da kwaɗayin ido, da taƙama da abin hannu. Ashe halin zuciya yake magana a kai. Waƙa tana iya ɗauke da waɗannan ukun, tana kuma iya zama babu ko ɗaya a cikinta. Uwar da ke rera waƙar reno don ɗanta ya yi barci, da matan da ke daka suna amshi, da samarin da ke noman gayya ana yi musu kiɗa, wace sha'awar jiki ke cikin abin da suke yi? Amma in muka bi rabon nan na gida biyu, duk waƙar duniya suke yi.

Littafin da muke riƙe da shi ma bai bi wannan rabo ba. Da Dawuda ya sami labarin mutuwar Saul da Yonatan, ya yi musu waƙar makoki wadda ke 2 Sama'ila 1:17-27. A karanta ta daga farko har ƙarshe, ba za a ga sunan Allah ko sau ɗaya ba. Yabon jarumai ne da kukan rashin aboki, kuma Dawuda ya ba da umarni a koya wa mutanen Yahuza ita. Waƙar Waƙoƙi sura 8 ce, cike da kalaman so tsakanin mace da namiji. Gaskiya ne magabata sun fassara ta da ƙaunar Almasihu da ikkilisiyarsa, amma kalmomin da aka rubuta na masoya ne, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ji kunyar ajiye su tsakanin littattafan hikima da na annabawa ba. A Littafin Ƙidaya 21, Isra'ilawa har rijiya suka yi wa waƙa. A misalin ɗan da ya ɓace (Luka 15:25), da wan ya doso gida daga gona, kiɗa da rawa ya ji. Ubangijinmu da kansa ne ya zaɓi gidan da ake kiɗa da rawa don ya kwatanta murnar Uba a kan mai tuba.

Manzo Bulus ya ma fi haka. Da ya tsaya gaban masanan Atina (Ayyukan Manzanni 17:28), sai ya ɗauko baiti daga mawaƙan Helenawa ya kafa hujja da shi. Baitin na Aratus ne, wanda ya rayu fiye da shekara 200 kafin haihuwar Almasihu, kuma asalinsa yabon gunkinsu Zus ne. A Titus 1:12 da 1 Korintiyawa 15:33 ma ya aro maganar marubutan da ba su san Allah na gaskiya ba. Mutum ba ya kawo baitin da bai taɓa ji ba. Bulus ya san waƙoƙin mutanen zamaninsa, ya sheƙe su, ya ɗauki tsaba ya zubar da ƙaiƙayi.

Wani zai ce matsalar tana cikin kiɗan ne, wai akwai sautin da shi kansa na Shaiɗan ne. Tarihin ikkilisiya bai goyi bayan wannan ba. Akwai wata sananniyar waƙar Jumma'a Mai Kyau da ake rerawa a ƙasashe da dama, wadda ke magana a kan kan Yesu da aka yi wa rawanin ƙaya. Muryarta wani Bajamushe ne, Hans Leo Hassler, ya tsara ta a 1601, kuma don waƙar soyayya ya yi ta. Daga baya aka ɗora mata kalmomin gicciye, yau kuwa mutane na rera ta da hawaye. Mu ma a nan, akwai lokacin da mishan da yawa suke ƙyamar ganga a majami'a, suna ganin ta kayan tsafi ce. Yanzu a je taron Zumuntar Mata a ECWA ko COCIN ko EYN a gani: ga ganga, ga tulu, ga caki, ga guɗa, kuma babu mai cewa an shigo da duniya cikin haikali. Gangar ba ta tuba ba, ba a kuma yi mata baftisma ba. Abin da ake faɗa a kanta ne ya sake.

Haka kuma sunan "waƙar bishara" ba ya wanke waƙa. Ta bakin annabi Amos (5:23) Allah ya ƙi sauraron waƙoƙin sujadar Isra'ila, domin masu rera su suna danne talakawa. A yau ma akwai waƙoƙin da ake sayarwa da sunan yabo, amma in ka kasa kunne, habaici ne ga maƙiya da kishiyoyi, ko kirarin wani babban mai ba da baiko, ko alkawarin mota da gida kamar don su Almasihu ya mutu. Irin wannan tana wuce ƙofarmu ba bincike don ta ambaci Yesu sau uku, alhali waƙar Ɗan Maraya da ta ɗaga darajar karen mota, talakan da kowa ke rainawa, an tare ta a waje. Wace ce a cikin biyun ta fi kusa da wa'azin da aka yi a kan dutse?

Kada a ɗauka ina cewa kunnen mai bi kasuwa ce, kowa ya shigo da hajarsa. Akwai waƙoƙin da ba su dace da mu ba ko kaɗan: na batsa, na zambo da cin mutunci, na kirarin iskoki, na zuga ƙabila a kan ƙabila, da na yabon dukiyar da ba a san asalinta ba. Da kiɗa aka kira mutane su yi wa gunkin Nebukadnezzar sujada (Daniyel 3), kuma waƙa Musa ya ji da ya sauko daga dutse ya tarar da ɗan maraƙin zinariya. Waƙa tana shiga inda wa'azi bai kai ba, tana kuma daɗewa a zuciya fiye da shi. Shi ya sa muke bukatar rariya, kuma an ba mu ita a Filibiyawa 4:8, inda Bulus ya jera abubuwan da ya kamata tunaninmu ya zauna a kansu: gaskiya, da mutunci, da adalci, da tsarki, da abin da ya isa yabo. Waƙa ɗaya ɗaya ake zubawa a wannan rariya. Ko a cikin waƙoƙin Mamman Shata akwai na gargaɗi da kishin ƙasa, akwai kuma ta shan giya. Mai hankali ya san wadda zai ɗauka da wadda zai bari.

Akwai kuma batun lamiri, wanda Romawa 14 ta yi bayaninsa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ɗan'uwan da Allah ya fitar daga bori, in ya ji garaya jikinsa ya amsa, ya yi daidai da ya toshe kunne. Wanda ya bar giya da kyar, in wani kiɗa yana tuna masa da teburin da ya baro, ya nisance shi. Ni kuma bai kamata in saki wannan kiɗan a gabansa in zama masa sanadin tuntuɓe ba. Abin da surar ta hana, a batun abinci da ta kawo, shi ne mai ci ya raina wanda ba ya ci, ko wanda ba ya ci ya yanke wa mai ci hukunci. Shingen da mutum ya yi wa kansa don raunin da ya sani abin yabo ne, amma ba ya zama doka a kan ikkilisiya duka. Na kuma yarda kowane abu da wurinsa. Lokacin sujada na yabon Allah ne, kuma mai bin da mako zai wuce bai rera Zabura ko waƙar yabo ba, alhali kunnensa bai huta da sauran ba, ya kamata ya binciki kansa.

Abin da ya fi damuna da wannan kuɗin goro shi ne abin da yake haifarwa a gidajenmu. Yaranmu ba su daina jin waƙoƙin nan ba, ɓoyewa kawai suka koya. A gabanmu Panam Percy Paul ko Solomon Lange, in mun ba da baya a toshe kunne da waya a ji abin da ba mu taɓa tattaunawa da su ba. Mun ba su doka, ba mu ba su rariya ba, kuma ranar da suka tafi makaranta ko birni dokar tana zama a gida.

Don haka ina roƙon iyaye da fastoci da shugabannin matasa: in kun ji waƙa a wayar yaro, kada ku fara da "kashe ta." Ku zauna ku saurara tare, ku tambaye shi me take faɗa, me take sa shi so, wa take ɗaukakawa, wa take wulaƙantawa. In ta faɗi, ku nuna masa ayar da ta kayar da ita, in kuwa ta tsaya, ku bar shi ya ji abarsa da godiya ga Allah wanda ya ba ɗan Adam murya.