Dangantakar Cin Taba da Sankarar Baki: Misali Daga Ƙasar Sudan

1.0 Gabatarwa

Jama'a da dama sun ɗauka illar taba a hayaƙinta take, saboda haka wanda ya gumtsa ta a baki ya tsira. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa ba haka abin yake ba, tare da kafa hujja da tabar Sudan da ake kira tumbak.

2.0 Yadda Cutar Ke Samuwa

Akan shanya ganyen tabar, a bar shi ya ruɓa, a niƙa, sa'an nan a cuɗa shi da atrun, watau kanwa. Mai ci yakan ɗan dunƙula ta ya ajiye tsakanin leɓe da dasashi. Aikin kanwar shi ne ta hanzarta shigar nikotin cikin jini, shi ya sa bari ke da wuya. Amma ba nikotin ne babban mai haddasa sankarar ba. Wajen shanya da ruɓar ganyen ne ake samun sinadarai dangin naitirosamin, musamman NNN da NNK, waɗanda ke ɓata ƙwayoyin halittar fatar baki. Binciken shekarun 1990 ya nuna yawansu cikin tumbak ya ninka na tabar Suwidin da Amurka kusan sau 100. Ke nan ba mamaki da ake yawan ganin ciwon daidai inda mai ci ya saba ajiye tabarsa.

3.0 Hujjoji

A 1981 wani nazari kan matan Karolina ta Arewa, a Amurka, ya gano haɗarin sankarar baki ga masu gumtsa taba ya ninka na sauran kimanin sau 4. A 1985 kuwa Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke Liyon, Faransa, ta tabbatar da cewa wannan taba tana haddasa sankara ga ɗan Adam.

4.0 Kammalawa

Mu ma a ƙasar Hausa da kanwa muke haɗa taba gari, don haka batun ya shafe mu. Alamun farko su ne farin tabo da ba ya kankaruwa, ko miki da ya wuce mako 3 bai warke ba. Sau da yawa kuma babu zafi, sai mai shi ya yi sakaci. Wajibi ne mu malamai mu koya wa ɗalibanmu waɗannan alamu, domin ciwon da aka gano da wuri ya fi jin magani.