2.3 Abubuwan da ke Jawo Shigar Zafi ta Bangon Ɗakin Sanyi

A wannan sashe za a dubi hanyar da zafi ke ratsa bango ya shiga ɗakin da ake adana kifi ko nama. Tun a shekarar 1822 masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, Joseph Fourier, ya nuna cewa zafi kan tashi daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi, kuma yawansa ya dogara ne a kan faɗin bango, da bambancin zafin ciki da na waje, da kuma irin abin da aka yi bangon da shi tare da kaurinsa.

Bambancin zafi shi ne abin da mai ɗakin sanyi ba shi da iko a kansa. Ana ajiye daskararren kifi a digiri 18 ƙasa da sifiri, alhali a watan Afrilu zafin Kano ko Maiduguri yakan kai digiri 40. Ke nan tazarar ta zama digiri 58. Idan aka ɗauki bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 4, aka liƙa masa soson foliyuritan mai kaurin santimita 10, wanda ƙimar ratsawar zafinsa take kusan 0.025, zafin da zai shiga shi ne wat 580. In aka ƙara kaurin zuwa santimita 15, sai ya sauko zuwa wat 387. Kankare kuwa yakan bar zafi ya wuce fiye da ninki 50 na wannan soso, saboda haka kaurin bulo kaɗai ba ya tsinana abin kirki.

Hasken rana ma yana da tasiri. Rufin da aka shafa wa baƙin fenti yakan yi zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi, haka nan bangon gabas da safe da na yamma bayan azahar. Farin fenti ko rumfa kan rage wannan.

Sai dai abin da aka fi sakaci da shi shi ne danshi. Ƙarfin soso yana cikin iskar gas da ke tsare a ƙananan ramukansa. Da damina, tururin ruwa kan kutsa daga waje ya taru a cikinsa, ruwa kuwa yana ɗaukar zafi fiye da iska sau 20, ƙanƙara kuma ta fi haka nesa. Shi ya sa ake shimfiɗa ledar tsare danshi a ɓangaren da ke da ɗumi, wato ta waje. Wanda ya sa ta ta ciki ya kulle ruwan ne a cikin bango. Daga nan injin sanyaya zai riƙa aiki ba hutawa, man janareto ya ƙaru, ga kifin da ke jingine da bango yana narkewa. Ƙusoshi da bututun ƙarfe da suka huda bango su ma hanya ce ta shigar zafi, don haka ya kamata a rage su, a kuma toshe gefensu sosai.