Harbin Daji: A Yi wa Shanu Allura Kafin Damina

Mai kiwo a Ƙofar Dumi da sauran unguwannin Bauchi, ka sani cewa allurar rigakafi ba ta kare saniya a ranar da aka yi ta.

Ƙwayar cutar harbin daji takan shekara da shekaru a cikin ƙasa, dabba kuma takan haɗiye ta wajen kiwo, musamman da damina. Idan ta tashi a tsoka, jiki yakan fara haɗa sinadaran garkuwa a jini, masu gane ƙwayar su kama ta. Sai dai wannan aiki yana cin kwana 10 zuwa 14, cutar kuwa tana kashe dabba cikin kwana biyu. Abin takaici, ta fi kama masu ƙiba, 'yan wata 6 zuwa shekara 2.

Allurar da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom ke haɗawa matacciyar ƙwaya ce, tana sa jiki ya tanadi garkuwar tun da wuri. Don haka ka kira malamin dabbobi a watan Afrilu, kowace shekara.

Maraƙin da aka yi wa allura kafin wata 3, a sake masa a wata 6, domin garkuwar da ya sha a dakashi tana rage ƙarfinta.