Idan Fitilar Mai Ta Yi Shaidar Zur

Duk wanda ya saba shiga ƙananan motocin haya da ke tashi daga tashar Madawa, ko dai su bi kwalta zuwa Galmi da Birnin Ƙonni, ko su yanki arewa su hau duwatsun Adar ta Buza har Keita, ƙila ya taɓa lura da ƴar fitilar nan da ke kunne a gaban direba tana shelar cewa mai ya ƙare, alhali kuwa yanzun nan aka cika tanki a kan idon kowa. Galibin motocin nan tsofaffin Hiace ne da suka ci ƙuruciyarsu a wasu ƙasashe kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, saboda haka ba abin al'ajabi ba ne don wani sashe nasu ya rikice. Abin da ya dame ni shi ne hukuncin da direbobi da yawa kan yanke, wato su liƙe fitilar da baƙar leda, ko su sa a zare ƙwanta, su ce ai sun san motarsu.

Malaman fiƙihu ba su ce alƙali ya daina sauraron shaidu don an sami mai zur ba, sai dai ya binciki adalcin mai shaidar tukuna. Fitilar nan kuwa shaida ce da ke ba da labarin abin da ido ba ya gani, don haka ta cancanci bincike kafin a rufe mata baki.

Asalin labarin daga cikin tanki yake fitowa, inda wata ƴar gora ke iyo a kan mai, an ɗaure ta a bakin siririn ƙarfe, ɗaya bakin kuma yana goga wani ɗan allo mai rage ƙarfin lantarki, ta yadda duk hawa ko saukar da gorar ta yi sai ya sauya yawan wutar da ke isa ga allurar mita. A tsofaffin motocin Japan da yawa fitilar tana da tata ƴar ƙwaya dabam, wadda muddin tana nutse cikin mai sanyin man ke hana ta zafi, da zarar mai ya janye ya bar ta a fili sai ta ɗumama, wuta ta sami hanya, fitila ta kama. A nan akwai fa'ida babba: idan allura na nuna rabin tanki amma fitila na ci, illar tana ga ƙwayar nan ko wayarta, a motar da ba ta da wannan ƙwaya kuwa, idan allura da fitila suka haɗa baki kan ƙarya, sai a tuhumi gorar ko allon.

Gorar takan tsage ta sha mai, ta yi nauyi ta kwanta a ƙasan tanki, daga nan har abada labarinta guda ne. Allon kuma yakan goge a daidai wurin da aka fi gogarsa, kuma tun da direban haya bai cika sayen mai sai na tafiya guda ba, ɓangaren ƙasa ne ke fara cinyewa. Hanyarmu ma tana da nata laifi, domin dutse yakan bugi gindin tanki ya lotsa shi har ƙarfen gorar ya maƙale, gargada kuma tana sassauta wayar da ke komawa jikin mota, ƙura da tsatsa su ƙarasa aikin. Sa'an nan ga man kansa. Shekara da shekaru, tun kafin a buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011 har zuwa lokacin da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, man da ake tsallakowa da shi a jarkoki ana sayarwa a kwalabe bakin hanya shi ne abincin motoci da yawa a wannan yanki, kuma man da ya yi ta sauya mazubi ba ya rasa laka da ɗigon ruwa, waɗanda ke taruwa a hankali su ɓata allon.

Binciken farko ba ya bukatar ko sisi. A tsayar da mota a wuri mai lebur, domin a kan gangare mai yakan koma gefe guda, fitila ta kama na ɗan lokaci ba tare da wata illa ba. A cika tanki, a rubuta kilomita, ranar da fitila ta kunnu a sake cikawa a ga lita nawa ya sha. In bai sha sai rabin abin da yake ɗauka ba, zur ta tabbata. Daga nan sai mai gyaran waya ya kankare mahaɗar da ke saman tanki ya ɗaure ta tamau, domin sau da yawa maganar a nan take ƙarewa. In ba ta ƙare ba, sai ya cire kan batir, ya fito da gorar a sarari nesa da taba da garwashin mai shayi, ya girgiza ta a kunne ko zai ji mai a ciki, ya sa ma'aunin lantarki yana ɗaga ƙarfen sannu a hankali yana duban inda lamba ke tsalle ko ta ɓace. A tsofaffin Toyota da yawa lambar takan tashi daga wajen om 3 a cike zuwa wajen 110 a wofi, alhali wasu motocin Amurka akasin haka suke tafiya, shi ya sa gorar da aka kwance daga wata mota dabam a kasuwar kayan gyara takan ƙara rikita al'amari ko da ta zauna daram a mazauninta.

Kuɗin wannan aiki kaɗan ne idan aka gwada da abin da sakaci ke jawowa. Famfon da ke cikin tankin mota mai fetur da man yake samun sanyi, yawan barinsa a ƙafe yana gajarta kwanansa; mota mai gazuwal kuwa in ta zuƙi iska ba ta tashi sai an fitar da iskar, ko da an kawo mai. A tsakanin Buza da Keita, inda gidan mai ke da nisa, waɗanda za su zauna cikin rana suna jiran yaron mota ya dawo da jarka su ne mata masu goyo, da tsofaffi, da majinyacin da aka ɗauko don a kai shi asibiti.